Kirarin da Na Sa Ƙarƙashin Fuskar Kawu

Ranar nan na shiga keke daga Gesse zuwa kasuwa, wata mata a gefena tana ta murza waya, sai idona ya faɗa kan abin da take dubawa. Hoton wata 'yar fim ne, an wage mata baki, an zana jar kibiya tana nuna cikinta, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe wai abin da ta yi wa mijinta zai sa ka kuka. Na yi tsaki. Na san ƙarya ne, matar ma na tabbata ta sani, amma ta danna. Na kau da kai ina kallon masu kayan miya har muka isa.

Sai dai ba ni da bakin zagin wanda ya rubuta mata wannan shirme, don sana'ata ce ta da. Shekaru na yi ina rubuta ɗan layin nan da ake sawa ƙarƙashin sunan fim don a ja mutane, wanda mu kirari muke ce masa. Kuma layi ɗaya daga cikin nawa ne ya sa matan wata unguwa a Argungu suka daina sa 'ya'yansu cikin jirgin kawuna.

A unguwar Badariya na fara, nan Birnin Kebbi, a wani gidan kallo na rumfar kwano mai benci takwas da talabijin ɗaya. Na gama sakandare ke nan, ba aiki, ga rubutuna da kyau. Mai gidan kuwa in ya yi rubutu sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan allon. Ya miƙa mini alli ya ce daga yau allon ƙofa nawa ne. Finafinan Indiya da na 'yan Cana ake nunawa, sunayensu ba su gaya wa kowa komai, saboda haka abin da na rubuta a ƙasa shi ne fim ɗin a wurin mai wucewa. Na tuna wani da na yi wa fim ɗin faɗa: “An kashe malaminsa ran Talata, ran Laraba ya ɗaure ɗamara.” Wani kuma na soyayya: “Ta jira shi damina bakwai, ya dawo bai gane ta ba.” Ranar da na rubuta wannan har masu faci suka rufe rumfa suka shigo.

Aikin yana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Dole ya gajarta yadda mai kabu-kabu zai karance shi kafin ya wuce. Ya fi daɗi in ya rabu biyu, rabin farko ya ba ka, na biyu ya ƙwace. Ba a faɗin ƙarshe. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce abin da ka rubuta ya kasance yana cikin fim ɗin, don haka kullum da hantsi mai gidan yake sa mini kaset in kalla ni kaɗai kafin in taɓa alli. Sau ɗaya na yi ƙiwa ban kalla ba, na ga zaki a jikin kwalin kaset, na rubuta cewa yau mutum zai yi kokawa da zaki. Ashe zakin zane ne a bangon ɗakin mugun. Da aka tashi, wani mahauci ya riƙe mini wuyan riga a bakin ƙofa yana tambayata inda na kai zakinsa. Sati guda ana ce mini mai zaki a unguwar. A lokacin mai rubutu da mai karantawa layi ɗaya suke, in ka yi ƙarya gobe za ku haɗu wurin mai shayi.

Da finafinan Hausa suka fara zuwa a kaset, sai suka zo da fostocinsu bugaggu, da kirarinsu a jiki. Wanda ya rubuta yana can wani gari, ba mahaucin da zai kama masa riga. Nan abin ya fara lalacewa. Kowane sati sai ka ga fim ɗin da ba a taɓa yin irinsa ba, har na rasa wane ne aka taɓa yi. Kowane fim zai girgiza ƙasa, kowane fim zai sa ka zubar da hawaye, ka shiga ka fito idonka a bushe sai dai ciwon baya na benci. Ina tsaye gaban fostocin nan ina tsaki, ina cewa da ni aka ba da ba haka ba.

To, an ba ni. Lokacin faifai ya zo, 'yan garinmu ma suka fara haɗa nasu finafinan, duk wanda ya sayar da shinkafa ya ga kuɗi a hannu sai ya zama furodusa. Suka ji labarin mai allon Badariya, suka riƙa nemana. Da farko nakan ce a ba ni fim ɗin in kalla. Sai a yi mini dariya, don sau da yawa ba a ma gama haɗa shi ba ake buga fosta. Za a gaya mini suna, a ƙara mini magana biyu a tsaye, a ce gobe ake so. Na yi gardama sau ɗaya, sau biyu, daga nan na saba. Na koma kamar mai tallar magani a tasha, kwalba ɗaya cuta goma sha biyu. Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne na fi iya aikin bayan na daina kallo, don gaskiyar fim ba ta ƙara tare mini hanya.

Cikin masu nemana akwai wani Alhaji a Gesse, ma'aikacin gwamnati ne mai gonar shinkafa, ya ƙudura sai ya yi fim a bakin gulbi. Ya ce yana neman masunci na gaske mai jirgi na gaske, wanda zai tuƙa su a ɗauki hoto. Ni da bakina na ce ina da shi, na kwatanta masa gidan kawuna a Argungu.

Kawu yayan Inna ne, mahaifiyata. Masunci ne tun tasowarsa, amma da girma ya kama shi sai ya fi dogara da fito. Da damina in ruwa ya cika, shi ke tsallakar da mutanen unguwarsu zuwa gonakin fadama, da mata masu kai abinci, da yara. Mace takan kawo ɗanta bakin ruwa ta sa shi a jirgin Kawu ta juya gida ba ta ko waiwaya. Wannan yardar ita ce abin da ya mallaka, ya fi ji da ita fiye da jirgin kansa.

Kuma ba da sauƙi ya same ta ba. Yana da ɗa namiji guda ɗaya, taubashina, sa'ana ne, tare muke iyo in na je hutu. Muna da shekara goma sha huɗu ruwa ya ci shi, ranar da suka fita su da Kawu su biyu. Kwana biyu aka yi kafin a ga gawarsa. Sai aka yi rashin sa'a shekarar ta zo da kifi, Kawu ya kama kamar ba a taɓa yi ba, har ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Mutanen bakin ruwa kuwa suna da wata magana da suke yi ƙasa-ƙasa game da wanda ya rasa ɗa a ruwa sannan arziki ya biyo baya. Ni na ji ta da kunnena a gidan makoki, ina bayan zana, wasu mata biyu suna tankaɗe. Da ta kai kunnen Inna sai da ta je har gidan ɗayarsu ta yi mata tatas. Maganar ta kwanta. Kawu ya yi shekara ashirin yana tsallakar da 'ya'yan mutane, ko takalmin ɗaya bai taɓa faɗawa ruwa ba, har aka manta.

Alhaji suka je suka yi ɗaukarsu, suka dawo suna yaba tsohon. Bayan wata guda ya kira ni shagon mai haɗa fosta da ke bayan kasuwa. Ana ta zafi, fanka tana juya iskar injin buga takarda. Na ce mene ne labarin fim ɗin.

Ya ce, “Kai dai labarin mutanen ruwa na. Akwai dukiya ciki, akwai rigima ta gida. Yi muna wanda za ya tsai da mutum.”

Ina cin gyaɗa a lokacin, na tuna sarai. Ban kai ga ƙarshen ƙullin ba layin ya zo mini, cikakke, ba inda zan gyara. Na ja takarda na rubuta: “Ruwa ya ba shi arziki, shi kuma ya ba ruwa ɗansa.”

Alhaji ya karanta ya buga tebur. Mai kwamfuta ya karanta ya ce wallahi tsigar jikinsa ta tashi. Ni kuwa na ji daɗi, daɗi sosai, irin wanda rabona da shi tun zamanin allo. Ga rabi biyu, ga bayarwa ga karɓa, ga shi mai babur zai karance kafin ya wuce. Ban tambayi kaina daga ina ya zo mini da sauri haka ba. Na karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigata na tafi gida.

Bayan kwana huɗu na koma shagon na tarar da fostocin an ɗaure su dami-dami. Na zaro ɗaya. 'Yan wasan fim ɗin, saurayi da budurwa, an tura su can kusurwar sama ƙanana. Wanda ya cika takardar Kawu ne, tsaye a jirginsa, sandar tuƙi a hannu, yana duban ruwa, an ƙara wa idonsa ja da kwamfuta. Layina yana kwance daidai ƙirjinsa da rawayan baƙaƙe.

Na je wurin Alhaji da takardar a hannu, na ce wannan tsohon kawuna ne, kuma ya taɓa rasa ɗa a ruwa.

Ya ce, “Subhanallahi, Allah shi jiƙan yaro.” Sannan ya ce, “Amma ka ga an riga an buga. Kuma huskar tsohon ga ita ta kasuwa, duba ta hwa. Kowa ya san wasa na. Wa ka ɗaukar maganar fosta da gaske?”

Nan ne wurin da nake jin ƙyamar kaina in na tuna. Rubuta layin kuskure ne, zan iya cewa ban ga hoton ba. Amma ranar nan na gani. Da na zauna a kan damin nan na ce ba mai fita da shi sai an sake, da an sake, don Alhaji ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai mai gudun asara. Sai na tsaya ina lallashin kaina. Na ce ai a Birnin Kebbi za a manna, wa zai kai Argungu. Na ce ai Kawu ba ya karatun boko. A can ƙasan zuciyata kuma, inda ba na son dubawa, ba na so a taɓa mini layin, don ya yi kyau. Na naɗe takardar na sa aljihu na ce Allah ya sa a sayar.

Fim ɗin da aka ɗauka a Argungu, ina za a fi kai fostarsa in ba Argungu ba? Ko wawa ya san wannan.

Sati uku bayan haka Inna ta dawo daga can, ta je suna. Ko mayafi ba ta cire ba ta aiko a kira ni. Na same ta zaune bakin gado, ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Ta ce, “Mutanen ga da ka tura ma yayana, ka san abin da sunka yi mai? Sun tono maganag ga. Tana bisa bangon tasha, tana bakin kasuwa, har ga teburin mai shayi. Shi kau bawan Allah da sunka ba shi guda, murna ya yi, ya manna ta cikin zaurenai. Kwana ukku tana nan, mutane na shigowa suna gaishe shi suna kallon ta, ba wanda ya iya hwaɗa mai. Yanzu mata sun bar sa ɗiyansu jirginai. Sai su tsaya rana su jira wani.”

Ta tambaye ni ko na san wanda ya rubuta. Na ce mutane da yawa ne ke aikin fosta. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da ko wane ne, ni kuma ina durƙushe a gabanta na ce amin.

Da na fita na biya shagon masu faifai na sayi fim ɗin, na kalla a karon farko. Labarin wa da ƙane ne suna rigima kan gonar shinkafa ta gado, da wata yarinya da suke so su biyu. Ba wanda ya nutse. Ba wanda ya yi arziki da ruwa. Ba ma ɗa a cikinsa. Kawu ya fito sau ɗaya, ya tsallakar da saurayin, bai ce uffan ba, kafin ka sha ruwa ka ajiye kofi an wuce wurin. Na zauna ina kallon sunaye suna hawa.

Washegari da safe na hau motar Argungu. Tun daga tasha na fara yage su, wasu sun riƙe bango sai da na sa farce. Wani mai sayar da banda ya tsaya yana kallona, ya ce in bar wahalar da kaina, kowa ya riga ya gani. Ya ƙara da cewa shi dai bai ce komai ba, amma masu fim ba su rubuta abu haka nan, sai sun ji wani abu. Na buɗe baki in gaya masa yadda masu fim ke rubuta abu, sai na fasa, na ci gaba da yagewa.

Na sami Kawu a bakin gulbi da hantsi, zaune a gindin jirginsa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Can gaba kaɗan wani jirgi yana lodi, mata da kwanonin abinci da yara sun cika shi har ya nutsa sosai, wasu na tsaye suna jiran ya dawo. Na Kawu ba kowa sai buhun taki biyu da wani ya bar masa ya kai. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Lahiya lau. Zamna, ɗan boko. Ina uwakka?”

Na ce tana gaishe shi. Muka yi maganar ruwa, da yadda shinkafa ta yi bana. Sannan ya ajiye komar, ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya fito da fostar, an ninke ta huɗu, gefenta duk ya yi laushi. Ya shimfiɗa ta a gwiwarsa ya shafe ta da tafin hannu.

Ya ce, “Mutum ukku sun karanta min, kowa da tashi. Wani na ragewa, wani na ƙarawa. Kai ka karanta min yadda take.”

Na karanta masa. Muryata ta fita sarai, kalma goma sha ɗaya, kowace a wurinta. Ko a lokacin kunnena bai fasa jin daɗin yadda suka zauna ba, kuma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, “Alhajin ga baƙo na, bai san ni ba. Yaran da sunka zaka da shi ma ba su san ni ba. Wanda yar rubuta wanga ɗan gida na.”

Na ce, “Ni na, Kawu.”

Bai ɗago ba. Na shiga zuba bayani, ban ga hoton ba, ban kalli fim ɗin ba, haka ake aikin yanzu, kowa haka yake yi. Ya bar ni har na gaji na yi shiru.

Ya ce, “Ashe kai ma ka ji ta, tun wancan lokaci.”

Na ce na ji.

“Ka yarda da ita?”

Na ce wallahi ban taɓa yarda ba, ko sau ɗaya.

“To mi yas sa ka rubuta?”

Na nemi amsa mai mutunci na rasa. Na ce, “Ta yi daɗin hwaɗi, Kawu.”

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Da ya ɗaga sandar tuƙi ya maka mini, da na gode masa. Sai kawai ya ninke takardar daidai saman rubutun, ya bi ninkin da farcen babban yatsa sau biyu, ya yage ta a hankali don kada hoton ya ɓaci. Ya mayar da fuskarsa aljihu. Ya miƙo mini guntun mai rawayan baƙaƙe.

Ya ce, “Riƙa naka.”

Na karɓa. Ya tashi ya kwance jirgin, ya tura shi ruwa, ya tafi kai buhunan taki.

Alhaji ya sake fostar daga baya, da na je na yi abin da ya kamata in yi tun farko, amma sabuwar ba wanda ya kula ta. Na bi gida-gida a unguwar Kawu ina cewa ni na ƙirƙira, ba wanda ya gaya mini komai. Suka saurare ni da ladabi. Wata tsohuwa ta ce to, in ɗan ƙanwarsa ne da kansa ya rubuta, ai magana ta ƙare. Na fito daga gidan na gane na ƙara ɓata abin.

Kawu ya yi damina huɗu a duniya bayan haka. Manya sun koma shiga jirginsa sannu a hankali, da buhuna da awaki, amma yara ba su koma ba, shi ma bai sake cewa a kawo su ba. Bai taɓa gaya wa Inna ba, har ta rasu tana yi wa wanda ya rubuta Allah ya isa. In na je gaishe shi yakan amsa, ya tambayi iyalina, ya sa a ba ni kifi in zan tafi. Bai ƙara ce mini ɗan boko ba.

Guntun takardar yana nan cikin akwatina, ƙarƙashin takardun makaranta. Rawayan ya koɗe, amma har yanzu ana karantawa.